Warin kofofin iskar mota

Warin kofofin iskar mota shi ne ɗoyi, hamami ko ƙauri da ke biyo iskar da fanka ke turowa cikin mota, kuma an fi jin sa a daƙiƙun farko bayan an kunna esi. Yawanci yana tasowa ne daga danshin da ya kwana a cikin na'urar sanyaya iska, amma wani lokacin alama ce ta lalacewar da ke iya taɓa lafiyar direba da fasinja.

Asalinsa

A bayan dashbod akwai wani ƙarfe mai siraran haƙarƙari, galibi na alminiyom, da ake kira ibaforeta. Gas ɗin esi, wato R-134a ko R-1234yf a sabbin motoci, yana bi ta cikinsa ya sanyaya shi har zuwa 'yan digiri kaɗan sama da sifiri. Da iska mai ɗumi ta ratsa shi sai laimar da ke cikinta ta zama raɓa, kamar yadda kofin ruwan sanyi ke gumi. Ruwan yana taruwa ya fita ta wani ƙaramin tiyo a ƙarƙashin mota. Ɗigon da ake gani a ƙasa bayan an faka mota shaida ce cewa tiyon yana aiki.

Matsalar tana farawa bayan an kashe inji. Wurin duhu ne, a jiƙe yake, ga ɗumi ya dawo, ga ƙura da garin furanni sun manne a haƙarƙarin. Abin da funfuna da ƙwayoyin bakteriya ke nema ke nan. Sukan yi wani yauƙi a jikin ƙarfen, shi ne ke ba da warin nan irin na rigar da aka naɗe ba ta bushe ba. Idan laka ko ganye suka toshe tiyon, ruwa ya rasa hanya, har ya malalo ya jiƙa kafet a wajen ƙafar fasinjan gaba. Maɓallin da ke juya iskar ciki yana ƙara dagula lamarin idan an bar shi kullum a kunne, domin numfashi da hayaƙin taba suna ta komawa kan ƙarfen. Masu asma su ne suka fi shan wahala.

Warin da bai kamata a yi wasa da shi ba

Hanci yana iya bambance matsala. Ƙamshi mai zaƙi-zaƙi, tare da hazo mai maiƙo a gilashin gaba, yana nuna ruwan lagireto na yoyo daga ƙaramin lagireton hita, wato na'urar ɗumama cikin mota. Sinadarin etilin gilaikol da ke cikinsa guba ne. Ƙaurin roba na iya zama waya ce ko motar fanka ke ƙonewa. Warin ruɓaɓɓen ƙwai kan fito daga batir da cajinsa ya wuce kima, ko daga na'urar tace hayaƙi da ke jikin salansa. Ɗoyin mushe kuwa yawanci ɓera ne ya yi sheƙa a gidan fanka ya mutu.

Mafi haɗari shi ne warin hayaƙin salansa ko na fetur. Hayaƙi yana tafe da kabon monoksayid, iskar da ba ta da launi ko wari, mai sa ciwon kai, jiri da gyangyaɗi. Wanda ya ji warin hayaƙin ko na fetur ya sauke gilasai nan take, ya nufi wurin makanike.

Magancewa

Ana farawa da filtar iskar ciki, wadda a yawancin motoci tana bayan akwatin da ke gaban fasinja. Tsohuwar filta takan fito baƙi ƙirin, cike da busassun ganyaye da ƙwari a tsakanin ninkinta. Masu ƙera motoci sukan ce a sauya ta bayan kilomita 15,000 zuwa 30,000, ko sau ɗaya a shekara, kuma filta mai gawayi a ciki ta fi kama wari. Sai a share ganyen da ya taru a mashigar iska a gindin gilashin gaba, a buɗe tiyon magudanar, a fesa wa ibaforeta kumfar wanki da aka yi domin ta. Idan abin ya yi nisa, dole a kwance dashbod a wanke. Wasu na amfani da injin da ke fitar da iskar ozon mai kashe wari, amma iskar tana cutar da huhu, don haka ba a zama a motar sai ta sha iska sosai.

Turaren da ake maƙalawa a kofar iska rufa-rufa ne kawai, kuma yana iya ɓoye warin da ya kamata a ji da wuri. Abin da ya fi amfani shi ne a kashe esi minti 2 zuwa 5 kafin a isa, a bar fanka na hura iskar waje har ƙarfen ya bushe. Wasu sabbin motoci suna yin haka da kansu bayan an kashe inji.