Kati mai lamba 52 na kamfanin Parkhurst (1951)

Kati mai lamba 52 ɗaya ne daga cikin katuna 105 na 'yan wasan hoki na kan ƙanƙara da kamfanin Parkhurst na birnin Toronto, a Kanada, ya buga a kakar 1951 zuwa 1952. Kusan duk sauran katunan ɗan wasa ɗaya ne a kansu, da sunansa da ɗan bayaninsa. Shi wannan kuwa hoton zura raga ne da ya bai wa kulob ɗin Toronto Maple Leafs kofin Stanley, mafi girman kofi a NHL, babbar gasar hoki ta Kanada da Amurka.

Katunan ƙanana ne, tsawonsu wajen inci biyu da rabi, bayansu fari fat babu rubutu. Da cingam aka riƙa sayar wa yara su. Masu tara kati suna ba da labarin cewa a injin kwaɓa siminti kamfanin ya riƙa cakuɗa su kafin a ƙunshe, shi ya sa da yawansu tun suna sababbi kusurwoyinsu sun dakushe. A jerin ne katunan farko na shahararrun 'yan wasa Gordie Howe da Maurice Richard da Terry Sawchuk suka fito.

Wasan ƙarshe na kofin Stanley na 1951 tsakanin Toronto da Montreal Canadiens ba a saba ganin irinsa ba: karawa biyar aka yi, duka biyar ɗin sai da aka shiga ƙarin lokaci. A ta biyar, ranar 21 ga Afrilu a ɗakin wasa na Maple Leaf Gardens, Montreal ce ke gaba da 2 da 1. Toronto ta fitar da mai tsaron ragarta ta ƙara ɗan gaba, Tod Sloan ya farke saura daƙiƙa 32 a tashi. Minti 2 da daƙiƙa 53 da shiga ƙarin lokaci, ɗan bayan Toronto Bill Barilko ya baro wurinsa a guje, ya maka faifan robar da ake wasan da shi ya wuce mai tsaron ragar Montreal Gerry McNeil.

Daidai wannan daƙiƙar katin ya kama. Ga Barilko ya miƙe a iska, ƙafafunsa sun bar ƙanƙara, yana shirin zubewa rub da ciki; ga McNeil ya faɗi da baya a bakin raga. An ɗauko shi daga hoto baƙi da fari, aka shafa masa launi irin na bugun wancan zamani.

Abin da ya sa katin yake taɓa zuciya shi ne abin da ya biyo baya. Barilko, haifaffen garin Timmins, shekararsa 24, ya riga ya ci kofin sau huɗu a kakar wasa biyar. A watan Agustan 1951 ya tafi kamun kifi yankin James Bay da wani abokinsa a ƙaramin jirgin sama mai sauka kan ruwa. A hanyar dawowa jirgin ya ɓace. Wato sa'ad da yara suke buɗe ƙunshin cingam suna cin karo da hoton, mutumin da ke jikinsa ana nemansa ba a gani ba. Toronto ba ta sake ɗaukar kofin ba sai Afrilun 1962, kuma a watan Yunin shekarar aka gano tarkacen jirgin a dajin arewacin Cochrane, lardin Ontario. Kulob ɗin ya jingine lambarsa ta 5, ba mai sake saka ta.

A kasuwa katin Howe ya fi shi tsada nesa ba kusa ba, amma kati mai lamba 52 yana da daraja a wurin magoya bayan Toronto. Kamfanonin tantancewa irin su PSA suna duba kusurwa, da gefe, da daidaiton hoton a tsakiyar takarda, su ba da maki daga 1 zuwa 10, sannan su rufe katin cikin roba mai tauri. Mai maki 8 ko sama da haka daga wannan jeri yana da wuyar samu ƙwarai.