Labrador (Irin Kare)

Labrador irin kare ne da ake yawan kiwo a gidaje masu ƙananan yara a Ingila da Amurka da Kanada, saboda haƙurinsa da saurin ɗaukar horo. Namiji kan kai kilo 29 zuwa 36, karya kuma kilo 25 zuwa 32. Launinsa uku ne: baƙi, rawaya da ruwan ƙasa. Yakan rayu shekara 10 zuwa 12.

Asali

Ko da yake sunan na wani yanki ne a gabashin Kanada, kakannin wannan kare daga tsibirin Newfoundland suka fito. Karnukan masunta ne, masu faɗawa ruwan sanyi su jawo igiya da taru, su kuma kamo kifin da ya suɓuce daga ƙugiya. Wajen farkon ƙarni na 19 jiragen fataucin kifi suka riƙa kai su tashar Poole a kudancin Ingila. Gidajen sarautar Malmesbury da Buccleuch na Birtaniya ne suka riƙe irin don farauta, aikinsa ɗauko agwagwar da aka harbo ba tare da ya huda ta da haƙori ba. Wannan laushin baki, da rashin faɗa, su masu kiwo suka yi ta zaɓa shekara da shekaru. Ƙungiyar masu kiwon karnuka ta Birtaniya ta yi masa rajista a 1903, ta Amurka a 1917. Ya shekara 31 yana kan gaba a rajistar Amurka, kafin wani ƙaramin kare ɗan asalin Faransa ya sha gabansa a 2022.

Zama da yara

Da wuya Labrador ya yi fushi, amma ƙarfinsa da rawar kansa na iya zama matsala. Ba ya natsuwa sosai sai ya kai shekara biyu ko uku, kuma tsalle ɗaya ko kaɗa jela ya isa ya ka da yaro mai tatata. Ɗan kwikwiyo kuma yana cizon wasa lokacin da yake canjin haƙori, tsakanin wata uku da shida. Don haka likitocin dabbobi ke cewa kada a bar ƙaramin yaro shi kaɗai da kare, kowane iri ne. A koya wa yaro kada ya ja masa kunne ko jela, kada ya taɓa shi yana cin abinci ko yana barci. Cizon da ke samun ƙananan yara yakan faɗa a fuska ne, kuma sau da yawa karen da suka saba da shi ne.

Yana buƙatar motsa jiki aƙalla awa ɗaya a rana. In an kulle shi, takalma da kujeru zai huce a kansu. Bai dace da gadi ba, domin baƙo ma abokinsa ne.

Lafiya

Babban ciwonsa ƙiba. Binciken Jami'ar Kambirij na 2016 ya gano cewa kusan ɗaya cikin huɗu na ɗauke da wani canji a ƙwayar halitta da ke sa ba sa jin ƙoshi. Ana auna masa abinci sau biyu a rana, a hana yara ba shi ragowar tasu. Ƙiba na tsananta ciwon gaɓar ƙugu da gwiwar gaba, waɗanda ake gadonsu, shi ya sa ake neman sakamakon hoton ƙashin iyayensa kafin saye. Kunnuwansa masu rufuwa ne, suna riƙe danshi, sai a share su bayan wanka. Gashinsa ruɓi biyu ne, zafi na wahalar da shi. A ƙasashe masu rana, da asuba ko da yamma ake fita da shi. Ana yi masa allurar rigakafin ciwon haukan kare yana da wata uku.

Akwai saɓani kan masu launin azurfa, wanda ba ya cikin launukan nan uku. Wasu masu kiwo na ganin gauraye ne da wani irin kare.