Kwamfutar wasa tana ƙara sannan ta mutu: ina matsalar take?

Ina tsakiyar wasa sai in ji "tit-tit-tit", kwamfuta ta mutu. Daga ina zan fara?

Fara da kunne kafin ka kwance ko sukuru ɗaya. Ƙarar daga cikin akwatin kwamfuta take fitowa, ko daga ondula, na'urar nan mai batir da ke riƙe wuta idan an ɗauke? Sau da yawa ita ce ke kuka, ana ɗora wa kwamfuta laifi. Ƙaramar ondula mai 650VA ba ta ɗaukar abin da ya wuce wat 360 zuwa 390. Katin hoto irin RTX 3070 shi kaɗai yana jan wat 220 idan wasa ya kankama. Haɗa da firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, da allon kallo, kaya ya fi ƙarfin jaki, sai ta yi ƙara ta yanke wuta. Cire ta, ka jona kwamfutar ta regilata, na'urar daidaita ƙarfin wuta, ka sake buga wasan. Idan ba ta mutu ba, sai ka nemi ondula mai 1500VA. Batirin ciki ma zafi na saurin kashe shi.

Idan daga cikin akwatin ne fa?

To, zafi ne abin zargi na farko, balle a Maradi, inda Afrilu da Mayu ke haura digiri 40, ga ƙurar hunturu da ta riga ta toshe ko'ina. Saka manhajar HWMonitor, ka bar ta a buɗe, ka yi wasa na minti goma, ka duba lambar zafi mafi girma da ta rubuta. Firosesa da ta kai digiri 95 zuwa 100 tana rage gudu, in zafin ya ci gaba ta kashe kanta don kada ta ƙone. Katin hoto kuwa an fi so ya tsaya ƙasa da 85.

Cire wayar wuta, buɗe murfin gefe. Leƙa tsakanin fanka da siraran ƙarafan sanyaya: za ka tarar da ƙura ta dunƙule kamar auduga. Hure ta da abin hura iska, amma ka riƙe fankar da yatsa kada ta yi ta juyi a banza. Daga nan sai man da ke tsakanin firosesa da abin sanyaya. Idan ya bushe ya tsattsage kamar ƙasar fadama da rani, goge shi da alkol mai tsabta, ka ɗiga sabo kamar ƙwayar wake a tsakiya, ka ɗaure sukurori huɗun a gicciye, kaɗan-kaɗan. Man goge baki da wasu ke sawa ba magani ba ne. Kuma ɗaga akwatin daga ƙasa, kada bayansa ya manne da bango.

Zafi daidai yake, amma tana mutuwa kamar an zare waya.

Wannan aikin akwatin raba wuta na ciki ne. Wasa na sa katin hoto ya fizgi wuta farat ɗaya, akwati mai rauni sai ya katse. RTX 3060 na buƙatar mai wat 550, RTX 3070 kuma 650, kuma lambar da aka manna a jikin masu araha ba abin dogaro ba ce. Danna wayoyin su zauna sosai: mai fil 24, mai fil 8 ta firosesa, da ta katin hoto. Gwaji mafi inganci shi ne aron wani akwatin raba wuta mai kyau. Kada ka buɗe cikinsa, yana riƙe wuta ko bayan an cire waya.

Ƙarar da take yi lokacin kunnawa fa?

Gajeriya guda ɗaya yawanci lafiya ke nan. Doguwa ɗaya da gajeru biyu ko uku kan nuna katin hoto, dogaye masu maimaituwa kuma RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi ta kwamfuta, amma ma'anar ta danganta da babban allon ciki, don haka duba littafinsa. Zare RAM, goge bakin zinariyar da abin goge fensir, mayar da guda ɗaya ka gwada. Kashe XMP, saitin ƙara wa RAM gudu, a BIOS, shafin saitin da ake shiga lokacin kunna kwamfuta, sannan ka bar MemTest86, manhajar gwada RAM, ta kwana tana aiki.

Windows ta rubuta Kernel-Power 41. In sake saka Windows?

A'a. Lambar tana cewa ne kawai kwamfuta ta mutu ba shiri, ba ta faɗin dalili.