Sauya abin saiti a tsohuwar bindigar soja: me dokar Amurka ta ce?

A Amurka, farar hula na iya mallakar tsofaffin bindigogin da rundunonin soja suka daina amfani da su, irin su Mosin-Nagant da SKS na tsohuwar Tarayyar Soviet, da M1 Garand ta Amurka. Da yake abin saitin da suka zo da shi na ƙarfe ne, kuma yana wahalar da mai raunin gani, masu su kan so su sauya shi da na zamani, ko su ɗora madubin hangen nesa. Tambayar ita ce ko hakan yana taɓa matsayin bindigar a gaban doka.

Dokar taƙaita makamai ta 1968 ta hana shigo da kwantan bindigogin soja, sai a 1984 majalisa ta sassauta ga waɗanda aka lasafta a matsayin kayan tarihi, rukunin da duk bindigar da ta kai shekara 50 da ƙerawa take shiga. Wannan matsayi yana da amfani, domin mai lasisin tara makaman tarihi, wanda kuɗinsa dala 30 ne na shekara 3, ana iya aiko masa da irin wannan bindiga daga wata jiha har gida ba tare da ta bi ta hannun dillali ba.

Hukumar ATF, mai kula da makamai, ta dogara da hukuncinta mai lamba 85-10 ta ce dole bindigar ta kasance a siffarta ta asali. Sai dai ta fayyace cewa ƙaramin gyara, kamar sauya abin saiti, ko sa mazaunin madubi, ko maƙalin maratayi, ba ya fitar da ita daga rukunin. Haka ma idan ƙotar katako ta tsage aka maye gurbinta da sabuwa mai fasali ɗaya. Amma da zarar an sa ƙotar roba, ta tashi daga kayan tarihi.

A nan ne mai SKS ya kamata ya yi hattara, domin ita tana ɗura wa kanta harsashi bayan kowane harbi, saboda haka sashe na 922(r) na dokar makamai ta tarayya, wanda aka ƙara a 1990, yana iya hawa kanta. Ƙa'idar sashen ta jera sassa 20, ciki har da bututu da kunama da ƙota da gidan harsashi, ta kuma hana harhaɗa bindigar da ba a yarda a shigo da irinta ba ta hanyar amfani da sassan da aka shigo da su daga ƙasashen waje fiye da 10 daga cikinsu. Abin saiti ba ya cikin jerin. Mosin-Nagant kuwa, da hannu ake ja mata harsashi, sashen bai shafe ta ba.

Halascin gyaran ba ya nufin babu asara. Wanda ya huda ƙarfen bindigar don ɗaura madubi ya karya darajarta a wurin masu tarawa, shi ya sa, a ganina, abin saitin da ke zama a gurbin tsohon ba tare da huji ba ya fi. Wasu jihohi, irin su Kalifoniya, suna da nasu ƙarin sharuɗɗan a kan na tarayya.