Agege

Agege unguwa ce kuma ƙaramar hukuma a arewacin birnin Legas, kudu maso yammacin Najeriya. Tana iyaka da Ikeja da Alimosho da Ifako-Ijaiye. Ba ta kusa da teku; layin dogo da ya ratsa ta tsakiyarta shi ne ya haɗa ta da tashar jiragen ruwa ta Apapa. Ƙidayar 2006 ta ba ta mutum 459,939, amma gwamnatin Jihar Legas ba ta amince da adadin ba, ta ce mazaunan sun haura miliyan ɗaya.

Asali

Aworawa, wani reshe na Yarbawa, su ne 'yan ƙasa, kuma tsohon mazauninsu shi ne Orile Agege. Tarihin baka yana kai kafuwar garin zuwa wajen ƙarni na 17.

Jirgin ƙasa da koko

Har ƙarshen ƙarni na 19 yankin kurmi ne da 'yan ƙauyuka. Turawa sun fara shimfiɗa layin dogo daga Legas a 1896, ya isa Ibadan a 1901, daga 1912 kuma kaya suka fara tafiya har Kano. Da aka yi tasha a Agege sai kasuwa da gidaje suka koma bakinta, tsohon gari ya zama gefe.

A wannan lokaci ne wasu 'yan kasuwar Legas, waɗanda kamfanonin Turawa suka matse a harkar fatauci, suka sayi filaye suka shiga noman koko. Mafi shahara a cikinsu shi ne Jacob Kehinde Coker, mai gona a Ifako, wanda yana cikin waɗanda suka ɓalle daga cocin Angilikan suka kafa African Church a 1901. A 1907 manoman suka kafa ƙungiyarsu, Agege Planters' Union. Suna ɗauko leburori daga can cikin ƙasar Yarbawa a kan yarjejeniyar shekara. In wa'adi ya cika, lebura ya koma gida da kuɗinsa da irin koko da sanin yadda ake renonsa, wani ma har da sabon coci. Ta haka Agege ta taimaka wajen yaɗa koko a ƙasar Yarbawa, sai dai ba a daɗe ba gonakin cikin ƙasa suka yi mata fintinƙau.

Goro da Zango

Abin da ya gaji koko shi ne goro. A da fataken Hausa Gwanja suke zuwa da jakuna, su sayo goron Asante a Salaga, cikin Gana ta yau, tafiyar watanni. Bayan da Ingilishi suka ci Asante da yaƙi a 1874 wannan hanya ta yi rauni, goro ya koma bin jirgin ruwa daga gaɓar Gana ta yau zuwa Legas. Alhassan Ɗantata yana cikin waɗanda suka yi arziki ta wannan hanya ta ruwa. Manoman Yarbawa, waɗanda suka saba da nasu goron na gargajiya, suka lura cewa irin na Gwanja ne Arewa take so, suka shiga dasa shi. Zuwa wajejen shekarun 1920 Agege ta zama ɗaya daga cikin manyan wuraren tara goro a Kurmi, Hausawa kuma suka kafa Zango kusa da tashar.

Tsarin cinikin irin na zanguna ne. Baƙo yakan sauka gidan fatoma, wanda zai ba shi masauki, ya adana masa kuɗi, ya tsaya masa in za a yi bashi. Matan Yarbawa su ke sayowa daga gonaki, su ɓare, su wanke, su kawo. Daga nan a zauna a tsince: fari daban, ja daban, manya daban, duk wanda ƙwaro ya huda a fitar da shi, don ɗaya yakan ɓata sauran. A lissafa da ƙwarya, wato goro ɗari, a shimfiɗa ɗanyen ganye, a ɗaure huhu tam yadda iska ba za ta busar da shi ba kafin ya kai Kano ko Gusau ko Nguru. A wancan zamani jirgin ƙasan da ya hau da goro shi yake saukowa da shanu, kuma har yau babbar mayankar Legas tana Oko-Oba, inda Hausawa da Fulani suke da ƙarfi a cinikin dabbobi. Gonakin goron gidaje sun cinye su, amma jikokin fataken suna nan, da yawansu haifaffun Agege ne masu jin Yarbanci kamar Hausa, suna da Sarkin Hausawa nasu.

Ilimin addini

Shehu Adamu Abdullahi al-Ilori (1917 zuwa 1992) ya kafa makarantarsa ta Larabci da addinin Musulunci a Abeokuta a 1952, bayan 'yan shekaru ya dawo da ita Agege. An fi saninta da Markaz. Ta kawo tsarin aji da jarrabawa da takardar shaida cikin karatun Larabci a ƙasar Yarbawa, ɗalibanta kuma sun buɗe makarantu a garuruwa da dama.

Mulki

Agege ta kasance ƙarƙashin Jihar Yamma kafin a ƙirƙiro Jihar Legas a 1967. An cire Ifako-Ijaiye daga cikinta a 1996. Manyan sarautun gargajiya su ne Olu na Agege da Alayige na Orile Agege.

A yau

Unguwa ce ta masu ƙaramin ƙarfi, mai cunkoso, galibin gidajenta na haya ne ɗaki-ɗaki. Daga cikin sassanta akwai Dopemu, Isale Oja, Oke Koto, Papa Ashafa da Tabon-Tabon. An buɗe gadar sama ta Pen Cinema a 2021 don rage cinkoson da mararrabar jirgi take haddasawa. A shekarar ne aka ƙaddamar da sabon layin Legas zuwa Ibadan, wanda tasharsa ta Agege take ɗauke da sunan tsohon gwamnan Legas Babatunde Fashola, sai jirgin cikin gari na Red Line ya biyo baya a 2024. Akwai filin wasan ƙwallo mai ɗaukar wajen mutum 4,000. A sauran Najeriya dai an fi sanin sunan unguwar ta burodin Agege, mai taushi da danƙo, wanda mata ke tallarsa a faranti ana ci da dafaffen wake.