Birni Guda na Dukan Mutanen Duniya

Birni guda na dukan mutanen duniya wani hasashe ne da masana tsara birane da masu nazarin yawan jama'a suke amfani da shi domin auna girman filin da zai ɗauki dukan 'yan Adam da ke raye, a ce an tattara su a gari ɗaya. Ba shiri ba ne da wata hukuma ke niyyar aiwatarwa, lissafi ne da ke fito da bambancin da ke tsakanin wurin da mutum yake kwana da ƙasar da rayuwarsa ta dogara a kanta. Tunanin yana da dangantaka da na Constantinos Doxiadis, masanin tsara birane ɗan ƙasar Girka wanda ya zana taswirar Islamabad, babban birnin Pakistan. A shekarun 1960 ya yi hasashen cewa biranen duniya za su ci gaba da yaɗuwa har su haɗe da juna, ya kuma kira wannan gari Ecumenopolis.

A ƙiyasin Majalisar Ɗinkin Duniya, yawan mutanen duniya ya kai biliyan 8 a ranar 15 ga Nuwamba, 2022. Girman birnin da zai ɗauke su ya dogara ne ga irin cunkoson da aka zaɓa. Idan aka zauna kamar yadda ake zaune a Paris, inda kusan mutum 20,000 suke cikin kowane murabba'in kilomita, ana bukatar murabba'in kilomita 400,000, wato ɗan fiye da faɗin Jamus. Da cunkoson Manila, babban birnin Filifin, inda adadin ya haura 40,000, fili mai girman Siriya zai wadatar. Misali mafi tsanani shi ne tsohuwar unguwar Kowloon mai ganuwa a Hong Kong, wadda mutum kusan 33,000 suka taɓa zama a cikinta a kan fili da bai kai hekta 3 ba, kafin a rushe ta tsakanin 1993 da 1994. A irin wannan matsi, dukan bil'adama za su shiga cikin murabba'in kilomita da bai kai 7,000 ba, sai dai zama ne na gidajen da hasken rana ba ya kai wa benayensu na ƙasa, kuma bai dace a ɗauke shi abin koyi ba.

Waɗannan alƙaluma ƙanana ne ainun idan aka kwatanta da busasshiyar ƙasar duniya, wadda ta kai kusan murabba'in kilomita miliyan 149. A nan ne masu karanta lissafin da gaggawa kan yi kuskure, su ɗauka cewa duniya ba ta da matsalar yawan jama'a. Gari ba ya ciyar da kansa. Noma da kiwo sun mamaye kusan murabba'in kilomita miliyan 48, fiye da girman birnin mai cunkoson Paris sau 100, kuma tattara mutane wuri ɗaya ba zai rage bukatar wannan fili ba, illa ya ƙara nisan da hatsi da nama za su yi tafiya kafin su kai ga baki.

Ruwa ya ma fi abinci wuyar sha'ani, domin ba a iya ɗebo shi daga nahiyoyi masu nisa cikin sauƙi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum yana bukatar lita 50 zuwa 100 a rana domin sha da girki da wanka da tsafta. Ko da an tsaya a lita 50, birnin zai sha lita biliyan 400 kullum, abin da ya zarce matsakaicin ruwan da Kogin Nilu ke kwararwa a yini, alhali ba a sa ruwan masana'antu a lissafin ba. Kusan duk abin da ya shiga kuma dole ya fito a matsayin ruwan ƙazanta da sai an tace shi.

Akwai kuma zafin da siminti da kwalta ke riƙewa, da saurin yaɗuwar annoba, da haɗarin girgizar ƙasa ko ambaliya ɗaya ta shafi kowa a lokaci guda. Duk da haka, cunkoso yana da amfaninsa na gaske, domin yana sauƙaƙa sufurin jama'a, yana rage tsawon bututu da wayoyin lantarki, yana kuma barin dazuzzuka su huta. Fiye da rabin mutanen duniya sun riga sun koma birane, kuma a shekarar 2018 Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi hasashen cewa kason zai kai kusan kashi 68 cikin ɗari nan da shekarar 2050.