Takardar Tambayoyi kan Lokacin Cin Abinci da Barcin Masu Aikin Karɓa-karɓa

Takardar tambayoyi kan lokacin cin abinci da barci hanya ce da masu binciken kiwon lafiya ke bi don sanin ƙarfe nawa ma'aikaci ke ci, ƙarfe nawa yake kwanciya, da yadda lokutan ke juyawa idan dutinsa ya sauya. A Gombe da Bauchi waɗanda abin ya shafa sun haɗa da nas-nas da ungozomomi a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe da na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke Bauchi, da ma'aikatan kamfanin siminti na Ashaka, da 'yan sanda, da masu gadi, da masu gasa burodi.

Tushen binciken

Jikin ɗan'adam yana tafiya ne da agogo na kusan awa 24. Babban agogon yana cikin ƙwaƙwalwa, haske ne ke saita shi, kuma da duhu ya shiga yakan sa a saki sinadarin melatonin mai shirya jiki don barci. Hanta da hanji kuwa sun fi bin lokacin da abinci ya shigo. Mai dutin dare da ya ci taliya da ƙarfe biyu ya raba kan waɗannan agogunan, domin jiki ba ya sarrafa sukari da tsakar dare kamar yadda yake yi da hantsi. A 2017 Jeffrey Hall da Michael Rosbash da Michael Young suka samu kyautar Nobel saboda gano yadda wannan agogo ke aiki. Hukumar binciken cutar daji ta duniya, wadda ke ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya, ta sanya aikin dare cikin abubuwan da mai yiwuwa suna jawo daji a 2007, ta sake tabbatar da hakan a 2019.

Ma'aunan da ake da su

Ma'aunin ingancin barci na Pittsburgh ya fito a Amurka a 1989, yana tambaya kan watan da ya gabata, makinsa daga 0 zuwa 21. Ma'aunin gyangyaɗi na Epworth, wanda Murray Johns ya fitar a Ostareliya a 1991, yana tambayar yiwuwar mutum ya yi gyangyaɗi a yanayi takwas. Dukansu suna da amfani, amma na Pittsburgh yana tambayar lokacin da mutum ya saba kwanciya, ita kuwa nas ɗin da ke juyawa tsakanin safe da yamma da dare ba ta da lokaci guda da ta saba. Wannan giɓin ne ya sa a 2013 aka fitar da sigar wata takardar tambayoyi kan lokutan barci, ta birnin Munik na Jamus, don masu karɓa-karɓa, wadda ke tambayar barci a kowane duti daban, da kuma na ranakun hutu.

Tsara tambayoyin

Ƙa'idar farko ita ce a raba takardar gida-gida: dutin safe, na yamma, na dare, sai ranar hutu. A kowane gida a nemi lokacin kwanciya, da lokacin da barci ya ɗauke, da na tashi, da lokacin da aka fara sa wani abu a baki da wanda aka rufe.

A nan ne akasarin takardun da aka kwaso daga waje ke tuntuɓe. Idan aka tambayi mai gadi sau nawa ya ci abinci da dare, yana iya cewa ko sau ɗaya, alhali ya tsaya wajen mai shayi da ƙarfe ɗaya ya sha kauri da burodi, ya tauna goro har asuba. A wurinsa ba a ci ba tunda ba a ci tuwo ba. Dole a lissafo masa kunu, fura, gyaɗa, masa, lemon kwalba, shayi da kofi, a ce ya faɗi lokacin kowanne. Goro na buƙatar layinsa, saboda yana ɗauke da sinadarin da ke hana barci, irin wanda ke cikin kofi.

Haka barcin. Mutane da yawa suna tashi sallar asuba su koma, wasu kuma suna ƙailula bayan azahar, don haka takardar da ta bar gurbi ɗaya tak za ta zubar da wani kaso na barcin. Ya kamata a bar gurbi uku aƙalla. Wanda ya ce ya kwanta bayan isha'i, mai tambaya ya taimaka masa su mayar da shi ƙarfe kaza. Matar da ta sauka daga dutin dare ta tarar da girki da shirin yara makaranta ba ɗaya take da abokin aikinta namiji ba, kuma takardar da ba ta tambayi aikin gida ba, to ta zalunce ta. A tambayi zafin ɗaki ma, da ɗauke wuta da hayaniyar gida, domin barcin rana a Gombe cikin Maris da Afirilu aiki ne ja.

Watan Ramadan yana sauya komai, tun daga sahur har tarawihi. Ko dai a kauce masa, ko a ware shi da nasa tambayoyin. A sa tambaya kan azumin Litinin da Alhamis, da azumin Kirista.

Gwaji da amana

Ana fassara takardar zuwa Hausa, wani daban ya mayar da ita harshen asali a kwatanta, kuma a wasu wuraren ana buƙatar mai jin Fulatanci ko Tangale. Sannan a gwada ta kan mutane kaɗan, a ce su faɗi abin da suka fahimta da bakinsu. Masu bincike kan haɗa ta da littafin rubuta barci na mako ɗaya ko biyu, tunda mantuwa na rage ingancin amsa.

Kafin a fara sai kwamitin ɗa'ar bincike ya amince, kuma kowa ya ba da yardarsa. Ba a rubuta suna, ba kuma shugaban sashe ne zai raba takardar ko ya karɓa ba, domin ma'aikacin da ke tsoron a ce yana barci a bakin aiki ba zai faɗi gaskiyar gyangyaɗinsa ba.